Sandar Ɗalha

Duk wanda ya taɓa loda shanu a jirgin ƙasa ya san dole wani ya tsaya cikin tarago da sanda, domin saniyar da ta kwanta, in ba a tashe ta ba, sauran za su tattake ta. Ciwon ƙafa ya hana Ɗalha barin Gwandu, sai ya damƙa wa amininsa Muzzammil na Kalgo shanunsa da sandarsa, ya kai su tashar Gusau ya raka su har Kudu.

Bayan mako guda Muzzammil ya dawo yana share ido.

"Wallahi ban runtsa ba, Ɗalha. Zafi ne ya kashe uku."

Ɗalha ya ce haka Allah ya so, har ya sa aka dama wa Muzzammil fura.

Ran kasuwa wani mahauci ya miƙo wa Ɗalha waya yana dariya. "Dubi mutuminka, ya zama direban jirgi!"

Ga Muzzammil nan a hoto, ya hakimce kusa da direba da kofin shayi, farar rigarsa tas, ko ɗigon kashin shanu babu. Sandar Ɗalha kuwa, da ita aka tokare ƙofa don iska ta shigo.