Tagwaye a Jirgin Manakara

Jirgin ƙasan bai gama tsayawa a tashar Tolongoina ba Neni ta leƙa taga tana ɗaga hannu. Soazara ta bi hannun uwarta da kallo, ta hango wata doguwar mata mai hular kaba a cikin masu tallar soyayyar ayaba, riƙe da kwando babu komai ciki sai sabon zane.

Sai yanzu ta gane abin da ya sa tsohuwar ta dage sai jirgin ƙasa, ga motoci birjik a garin Fianar inda suka taso. Ashe ba don tsaunukan da Turawan taragon gaba ke ta ɗauka a hoto ba ne.

"Ravao ke nan," in ji Neni ƙasa-ƙasa. "Ba ta taɓa haihuwa ba, kuma mutanen tsauni ba su ƙyamar tagwaye. Miƙa mata naki ta taga."

"Ayaba ce su, Neni?"

"Kada ki yi mini rashin kunya. Mijinki ya ce ki dawo hannu sake ko ki yi zamanki."

"To ya auri kwalekwalensa."

A garinsu na bakin teku tagwaye ba su kwana a gida. Wadda ta riƙe su ta fita daga dangi ke nan, ba ta biki, ba ta makoki, in ta mutu ba ta kwanciya kusa da kakanninta. Tun a asibiti Neni ke yi mata wanki da girki, amma ko da ɗan yatsa ba ta taɓa jariran ba. In sun yi kuka sai ta tsura wa bango ido, kai ka ce bangon ne ya haife ta.

Ravao ta matso ta ɗaga kwandon. Ba muguwa ba ce, hawaye ma take yi, abin da ya fi ƙona wa Soazara rai ke nan.

"Yaya, ki yi haƙuri," in ji Soazara. "An yi miki alkawarin abin da yake da mai shi."

Ta ja tagar ta rufe.

"Kin kashe ni!" in ji Neni. "Da wane ido zan kalli dattawa?"

"Da wanda kike kallon bango. Gida zan kai su, ta ƙofar gaba, da rana tsaka. Mai korata ya zo ya faɗa mini a fuskata."

Bakinta kawai ke da ƙarfi, cikinta kuwa tsoro ne fal. Jirgin ya yi kuwwa ya ja, Ravao ta bi shi da ɗan gudu har kwandon ya faɗi.

Suka ci gaba da gangarawa. Macen na shan nono, namijin na barci a cinyar uwarsa. Jirgin ya kutsa cikin wani dogon ramin dutse, taragon ya yi duhu ƙirin, don fitilarsa ta daɗe da mutuwa. Kwatsam direba ya taka birki. Damman ayaba suka zubo, kaji suka ɗauki kuka, Soazara ta ƙanƙame macen, ta ji cinyarta wayam.

"Ɗana! Wayyo ɗana!"

Tana ta laluben ƙasa cikin ƙafafun mutane har haske ya dawo. Sai ga yaron a ƙirjin Neni, ta rungume shi da hannu biyu, fuskarta manne da kansa. Duk taragon aka zuba mata ido.

"Ungo," in ji Neni. "Karɓe shi kafin wani ya gani."

Wani tsoho mai sayar da kaji ya tuntsire da dariya. "Kaka, har zakarana ya gani!"

Soazara ta gyara wa macen nono, ta jingina da kujera.

"Hannuna ya cika, Neni. In kin gaji, ga taga nan."

Tsohuwar ta dubi tagar, ta dubi yaron da ya cafke mata yatsa. Tsaunuka suka koma baya, gonakin shinkafa suka wuce, la'asar ta yi. Da ƙamshin gishiri ya fara shigowa, sai Neni ta ja gefen mayafinta ta rufe masa kai.

"Dubi sakarci," ta ce. "Za ki kai yaro iskar teku ko hula ba ki sa masa ba."