Geron Inna a Rufin Dengfeng

Kurciyoyina tara ne. Na san adadinsu don tun shigowar sanyi nake cikin masu ƙirgar tsuntsaye na jami'armu. Duk Asabar da safe in hau rufin gidanmu a unguwar Dengfeng, nan China, in zauna minti ashirin ba motsi, in rubuta abin da na gani. Geron da nake zuba musu kakata Inna ce ke aiko shi daga Kano, ƙunshe cikin kayan 'yan kasuwa. Sadakarta ce, ta ce tsuntsun China ma bawan Allah ne.

Ranar Laraba na hau na tarar da gam ɗin ɓera shimfiɗe a inda nake zuba geron. Biyu sun manne. Ɗaya ta mutu, ɗayar tana ta buga fiffike har ya karye.

Kawu Kallamu, ƙanin mahaifiyata da nake zaune a wurinsa, bai ko musa ba.

"Sun ɓata min shadda a kan igiya. Ke Saffana da littafinki, tsuntsu ne zai ba ki digiri?" Ya ce gobe zai ƙaro wasu.

Ni ba na iya faɗa. Amma na ɗauki hoto, kuma na san mutum ɗaya da Kawu yake tsoro a duniya.

Ban tura wa Inna nan take ba. Na jira sai Juma'a bayan an sauko, lokacin da abokansa ke cika shagonsa a kasuwar Tianxiu ana cin abinci, kuma a gida Inna ta gama lazimi. Kawu yana da wata ɗabi'a, in uwarsa ta kira sai ya buɗe muryar wayar kowa ya ji ana sa masa albarka. Na zauna a kan wani kwali na tura hoton.

Wayar Kawu ta yi ƙara. Ya buɗe yana murmushi.

"Kallamu, baƙin da ke cin sadakata ka kashe?"

"Inna, bari in..."

"Yi min shiru! Kwana arba'in, kai da hannunka za ka zuba musu tsaba kullum da safe. Saffana ce shaidata."

Alhaji Shitu mai shagon kusa ya ƙware da dariya. "Laoban, maigida, ashe yanzu barantaka kake wa kurciya?"

Kawu ya kalle ni. Ban sunkuyar da kai ba.

Ranar Asabar shi ya kankare gam ɗin, ya hau da faranti yana ƙunƙuni cikin sanyi. Kurciyoyin suka ƙi sauka sai da na ce ya ja baya ya tsuguna, kada ya motsa. Ya tsuguna.

Na rubuta: kurciya bakwai. Na duba agogo, minti ashirin sun cika. Ban gaya masa ba.