Naman da Isufu Ya Kawo Ɗanye

Abarshi ya dawo daga lambunsa na cikin kwari bayan azahar, kafaɗunsa na ciwo saboda jan guga, ya tarar da ƙanwarsa Yakura zaune a zaure tana jiran sa. Bai ko wanke ƙafa ba ta fara. Ɗanta Isufu, wanda ya yi shekara shida yana aiki a wani gidan abinci a Dubai, ya buɗe wurin nama a rumfar masu abinci ta bakin tashar Gure. Kwana tara ke nan ba wanda ya zauna ya ci. Jiya ya ce mata in kasuwa mai zuwa ta wuce a haka, zai koma.

"Yaya, ka je ka ci, ko loma ɗaya ce. In aka gan ka zaune, wasu za su zauna."

Abarshi ya so ya ce mata gobe. Ya dubi fuskarta, ya mayar da takalminsa.

Rumfar doguwa ce, ta kwano. Masu shinkafa da wake a farko, mai shayi a tsakiya, sai Ɗan Talata mahauci da tukubarsa, wanda ya fi shekara talatin yana gasa tsire a nan. Can ƙarshe teburan Isufu uku suke, kowanne da ƙaramin kaskon wuta a tsakiya, ba kowa a kai sai ƙudaje.

Isufu ya gaishe da kawunsa, ya share masa benci. Yana hura gawayi yana bayani: wani ɗan Filifin da suka yi aiki tare ya koya masa jiƙa nama da sukari da tafarnuwa da lemun tsami, mai gidan kuma ɗan Koriya ne, shi ya koya masa yanka shi fale-fale da haɗa shi da kabeji mai tsami da barkono. Ana naɗe shi a ganyen salati. Abarshi yana saurare, yana gyaɗa kai. Salatin ma ya gane shi, na lambun maƙwabcinsa ne.

Sai Isufu ya ajiye masa faranti cike da ɗanyen nama, da ɗan awartakin ƙarfe, ya ja da baya ya harɗe hannu. Ya ce a can haka ake yi, baƙo ne ke gasa abinsa yadda yake so, girmamawa ce.

Abarshi ya dubi awartakin. Ya ɗaga kai, ya ga mai shayi ya daina fifita, direbobin kamyo biyu, masu manyan motocin kaya, sun juyo da kofuna a hannu. Nan ya gane ba ɗanɗanon ne ya kori mutane ba, don ba wanda ya kai ga ɗanɗanawa. A garin nan, magidancin da ba gadon fawa gare shi ba ba zai zauna a bakin tasha yana juya nama a wuta jama'a na kallo ba. Ya kuma lura da yadda Isufu ya ɓoye hannuwansa. Shi ma ɗan manoma ne, jikan liman. Abin da ya yi shekara shida a inda ba a san kakansa ba, a nan yana jin nauyin yin sa.

Abarshi ya gaji, ba ya da ƙarfin yin wa'azi. Ya yi bismilla, ya ɗauki awartakin.

"A'a, Malam Abarshi," in ji Ɗan Talata daga tukubarsa, "da furfura ka shigo sana'armu? Ka zo gobe da asuba in ba ka wuƙa."

Aka yi dariya. Abarshi ya jawo farantin. Ya jera naman a kan wayar gashi da ke bisa kaskon. Bai san nama mai sukari ba ya jira ba. Kafin ya juya na farko, gefen ya yi baƙi, hayaƙi mai ɗaci ya tashi. Na biyu ya manne. Na uku ya faɗa cikin garwashi.

"Kawu, kana ƙona shi," Isufu ya ce a hankali.

"Ina ƙona shi. Ni albasa na iya."

Ya ɗora na huɗu. Isufu ya jure har ya ga shi ma ya fara baƙi, sai ya miƙo hannu ya karɓi awartakin. Ya janye gawayin gefe ɗaya, ya shimfiɗa naman, ya juya sau ɗaya tak. Ƙamshin ya canza. Bai ɗaga kai ya ga masu kallo ba.

Abarshi ya naɗe yanka ɗaya a salati ya ci. Zaƙin ya yi masa yawa, kabejin ya sa masa hawaye, amma naman ya yi laushin da haƙoransa suka gode. Ɗan Talata ya taso yana goge hannu a riga, ya ɗauki yanka ba tare da an ba shi ba. Ya ce wannan ai alewa ce, a rage sukari. Ya ɗauki na biyu. Ɗaya daga cikin direbobin ya jawo benci ya ce a gasa masa irin na tsoho, amma ba wanda tsohon ya gasa ba.

Da la'asar sakaliya Abarshi ya isa gida. Yakura na nan inda ya bar ta. Ta tambaye shi yaya abincin, ya ce da zaƙi. Ta tambaye shi maganar tafiya.

"Na baro shi yana gasa wa mutum uku. Ya ce in kai masa salati gobe da jibi, har ranar kasuwa da bayanta."

Ya zauna a kan tabarma, ya ce a kawo masa ruwan wanke ƙafa.