Azumin Oma Koba

Oma Koba ta daina cin abinci ne a satin da girgizar ƙasa ta tsaga bangon cocinmu. Ba ta yi wa kowa shela ba. Na kai mata papeda, tuwonmu na garin bishiyar sago, da romon kifi da rana kamar kullum, ta leƙa kwanon, ta ture shi da bayan hannu, ta ce in kawo mata ruwan ɗumi. Kakata ce ta wajen uwa, Nona take kirana ko da yake sunana Fina, kuma ɗakinmu ɗaya, don haka duk abin da ya same ta ni ce farkon gani. Ni kuwa ga tsoro, ko kwakwa ce ta faɗo a kan rufi sai gabana ya yi ta faɗuwa har yamma.

Na ce, "Oma, ko jikin ne?"

Ta ce, "Lafiyata ƙalau, Nona. Azumi nake."

"Na yini?"

"Na sai uwarki ta sha ƙoƙon Jibin Ubangiji daga hannun ɗan'uwanta."

Sai da na zauna a bakin gado.

Ɗan'uwan Mama shi ne Om Ulis, ƙaninta, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara ta uku ke nan ba ta ce masa ko sannu ba. A lokacin iskar gabas, sa'ad da teku yake hauka, ya ɗauki yayana Semi a kwale-kwale za su kai buhunan kanumfari birnin Ambon. Mama ta hana, har bakin ruwa ta bi su tana hanawa. Om Ulis ya yi dariya ya ce wa yayarsa, wadda yake kira Usi, "Usi, ɗanki namiji ne, ba ƙwai ba." Kwale-kwalen ya kife. Masunta suka tsinci Om Ulis rungume da jarka. Semi kuwa ko takalminsa ba mu samu ba, ba shi da kabari.

Tun daga nan Mama ba ta ƙara zama a teburin Jibi ba, inda ake raba gurasa da ƙoƙon inabi a coci. A garinmu ba a shan ƙoƙon da ƙulli a zuciya. Duk wanda ya sha yana riƙe da wani, hukunci ya sha wa kansa, haka muka tashi muka ji, har yara sun san labarin mutumin da ya sha alhali yana gaba da maƙwabcinsa, cikinsa ya kumbura bai ga Kirsimeti ba. Mama ta yarda da wannan kamar yadda Oma ta yarda. Ranar Jibi takan sa baƙaƙen kayanta kamar kowa, ta zauna a bencin baya, idan aka fara kiran mutane tebur sai ta sulale ta dawo gida.

Da Mama ta ji zancen azumin, ta shigo ɗakin da muciya a hannu.

"Mama, wane irin abu ne wannan? Kina shan maganin hawan jini za ki ce azumi?"

Oma ta ce, "Martenci, ba ki ga alamu ba? Ƙasa ta girgiza. Kifi ya yi ta mutuwa a bakin ruwa ba wanda ya san dalili. 'Yan'uwa sun juya wa juna baya, a cikin gidana ma. Me ya rage? Ƙaho kawai."

"Tun ina goye kike jiran ƙahon nan."

"To ai ya ƙara matsowa ke nan." Oma ta gyara matashinta. "Ran da aka busa shi, teku zai mayar da duk wanda ya haɗiye. Semi zai fito. Ya fito ya tarar an ɗauki ɗaya an bar ɗaya? Ya tambaye ni ina uwarsa, in ce masa me?"

Mama ta yi tsaye. Na ɗauka kuka za ta yi, amma sai ta ce, "To a busa yau. Ni ban ƙi ba. A ba ni ɗana, sauran a yi yadda aka ga dama da ni."

Ta fita. Muka ji tana tuƙa sago kamar za ta fasa tukunyar.

Kwanaki suka yi ta tafiya, Oma ba ta sa komai a bakinta sai ruwan ɗumi. Na gwada zuba sukari a ruwan, ta kurɓa ta tofar, ta ce, "Ke da karatunki Allah za ki yi wa wayo?" Na buɗe Littafi Mai Tsarki na nemo mata duk inda aka yi maganar azumi, na nuna mata cewa babu inda aka ce tsohuwa ta kashe kanta. Ta saurare ni har na gama, ta ce muryata ta yi daɗi, in ƙara karanta mata wurin ƙahon. Zoben aurenta ya fara zamewa daga yatsa, na ɗaura masa zare. Da safe kafin in buɗe ido sai in kasa kunne in ji ko tana numfashi.

Om Ulis kullum yakan rataye kifi a jikin shingenmu ya wuce, Mama kuma kullum takan miƙa wa maƙwabta. A satin nan sai ya daina wucewa, ya riƙa tsayawa a gindin bishiyar lemo yana murza hularsa.

Ya ce da ni, "Fina, ta ci?"

Na girgiza kai.

"Ki ce wa Usi ta zo ta mare ni. Ta sare ni da adda ma in tana so. Ni dai tsohuwar nan ta ci abinci."

Na kai saƙon. Mama ta ce, "Ce masa addata ta yankan ciyawa ce."

Ana saura 'yan kwanaki Jibi, dattawan coci sukan bi gida gida su tambaya ko akwai mai riƙe da wani, a sasanta kafin Lahadi. Namu Bapa Tinus ne, gajere mai tumbi, wanda ba ya shiga gida ya fita bai sha shayi ba. Ya zauna gaban Oma ya ce, "Oma Koba, ke da kike jiran ƙaho, in kika mutu kafin a busa ai kin yi asarar kallo."

Oma ta ce, "Matattu ne za su fara tashi, Tinus. Kai da tumbin nan sai an haɗa da igiya."

Ya yi dariya har da tari, amma da ya fito tsakar gida fuskarsa ta canza. Ya ce wa Mama fasto ya zo jiya ya yi magana, ma'aikaciyar asibiti ta yi magana, tsohuwa ta ƙi. Ya ce, "Martenci, yafiya ba sai zuciya ta so ba. Wani lokaci ƙafa ce take fara tafiya, zuciya ta biyo baya."

Mama ta ce, "In ba ta biyo ba fa, Bapa? In na sha tana nan yadda take? Kai ka koya mana abin da ke samun mai yin haka. Kana so in ceci uwata in sha wa kaina hukunci?"

Bapa Tinus ya tashi ya yi sallama. Ranar ko shayin bai sha ba.

Ran Asabar Oma ta tashi za ta zaga, ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofa. Ni kaɗai ce a ɗakin. Na ɗaga ta, sai na ji ba ta fi nauyin buhun busasshen kanumfari ba, na yi ta ihu ina kiran Mama. Da ta farfaɗo, Mama ta durƙusa ta kai mata cokalin kunu baki. Oma ta datse haƙora.

Mama ta ce, "Shi ke nan. Fina, kira shi."

Om Ulis ya shigo kansa a ƙasa. Mama ta miƙa masa hannu tana kallon bango, ya kama da hannu biyu yana kuka kamar yaro. Ta zare hannunta ta ce, "To, kin gani. Sha."

Oma ta ce, "Hannu ai ko a kasuwa ana ba wa wanda aka tsana. Ni ƙoƙo na ce." Ta juyo gare ni. "Gobe ba zan iya zuwa ba. Ke ce idona, Nona. Ke ba kya ƙarya, ba ki iya ba, kunnuwanki ja suke yi."

Ni ban isa zama a tebur ba tukuna, sai baɗi za a karɓi ajinmu na koyon bangaskiya, don haka ranar Lahadi na hau benen coci inda yara suke zama. Daga can ana ganin komai. Dogon tebur da farin ƙyalle, mutane cikin baƙaƙen kaya, ga tsagar bango ta bi ta bayan mumbari kamar jijiya. Da aka kira layinsu Mama ta tashi daga bencin baya. Coci ya yi tsit, har masu tari suka daina. Bapa Tinus ya ja mata kujerar da ke kusa da Om Ulis.

Aka miƙa gurasa, ta karɓa ta riƙe a tafin hannu. Sai ƙoƙon ya taso daga hannu zuwa hannu. Na riƙe ƙarfen benen ina addu'a, ban ma san me nake roƙo ba. In ta sha, ina tsoron abin da zai same ta. In ba ta sha ba, na san abin da zai sami Oma.

Om Ulis ya kurɓa, ya juyo, ruwan inabin ya ɗiga a farin ƙyallen. Mama ta dube shi. Wannan ne karo na farko da na ga ta dubi fuskarsa tun ranar bakin ruwa. Ta sa hannu biyu ta karɓa. Ta ɗaga ƙoƙon har kusa da haɓarta, ta tsaya, ta daɗe a haka. Sannan ta sauke shi ta miƙa wa matar da ke gefenta. Gurasar ma na ga ta naɗe ta a hankici.

Na fi kowa jinkirin komawa gida. Na bi ta bakin ruwa, na bi ta bayan makaranta, ina ta gwada "ta sha" a bakina, ina taɓa kunnuwana ina jin zafinsu. Da na iso Mama tana kicin ba ta ko cire baƙaƙen kayan ba. Ta miƙo mini kwanon kunu. Ba ta ce in yi ƙarya ba, ba ta kuma ce kada in yi ba.

Oma tana kwance ta fuskanci ƙofa.

"To, idona. Ta sha?"

Na ce, "Ba ta sha ba, Oma."

Ta rufe ido. Na ji kamar ni ce na ɗauke mata numfashi, na fara magana ba tsayawa, na ce amma ta tashi, ta je teburin, ta zauna kusa da shi, ta dube shi, ta karɓa.

"Daga hannunsa?"

"Daga hannunsa. Da hannu biyu."

Can ta buɗe baki kaɗan. Na sa mata cokali ɗaya, ta haɗiye da ƙyar. Na sa na biyu. Da na kawo na uku ta kawar da kai.

Ta ce, "Iyakar inda ta kai ke nan, ni ma iyakata ke nan. Sauran sai Jibi na gaba."

"Oma, Jibi na gaba da sauran watanni."

"To ki roƙi Allah ya riƙe ƙahonsa, ya riƙe ni."

Haka muke har yau. Tana karɓar abin da ba zai ƙosar da jariri ba, ta kawar da kai. Om Ulis yana rataye kifi a shinge, jiya Mama ta bar shi a can har ƙudaje suka taru kafin ta ɗauka, ban kuma ga inda ta kai shi ba. Gurasar tana nan cikin hankici a kan kabad, ta bushe. Ni kuwa na ƙara wa zoben Oma zare.