Jajayen Ƙyallaye Bakwai

Shekara goma sha tara tulin tsofaffin mazubai yana zaune a bayan masana'antar tangaran, kowa na kewaye shi kamar dutsen da aka tarar. Mazubin filasta, in ya sha kunun yumɓu sau ɗari, sai ya daina tsotse ruwa, a wurga shi can. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Sabuwar Injiniya ce ta tambaya, wata uku da kama aiki. Ta nuna wa Manaja cewa in aka niƙa su, aka tankaɗe, aka gasa garin a tanderu, za a iya gauraya shi da sabuwar filasta a yi wasu mazuban. Ya ba ta Asabar ɗaya ta gwada.

Ana gobe za a fara, Baba Mai Zubi, tsohon da ya sassaƙa siffar duk wani kofi da faranti na gidan, ya tare ta a gindin tulin.

"'Yata, akwai waɗanda na ɗaura wa jan ƙyalle, can ƙarƙashin tamfol."

"Baba, don Allah. Kullum akwai dalilin barin shara inda take."

"Tsaya ki ji mana."

"Shekara goma sha tara ana ji. Gobe aiki za a yi."

Ta juya. Ya bi ta da kallo, ya ce, "To, boko ya yi magana."

Asabar Baba ba ya zuwa, ranar kai matarsa asibiti ce. Injiniya ta sa leburori suka kwashe komai, har na ƙarƙashin tamfol. Ƙyallayen kuwa da hannunta ta kunce su, guda bakwai, don kada su shaƙe injin niƙa. Ta cusa su a aljihun rigar aiki ta manta.

Ran Litinin aka nemi uwar mazubin butar shayi, wadda daga jikinta ake fitar da duk sauran mazubai, aka rasa. Ita da 'yan uwanta shida. Ashe rufin sito ke yoyo, Baba ya kai ƙara har ya gaji, sai ya mayar da su ƙarƙashin tamfol ya yi musu alama.

Manaja ya tsaya a tsakiyar ma'aikata. "Dukiyar kamfani a cikin bola, Baba? Tsufa ya zo. Ƙarshen wata ka huta."

Injiniya na tsaye taku uku daga wurin, hannunta cikin aljihu, yana taɓa ƙyallayen. Ta jira Baba ya dube ta. Bai duba ba. Ta ƙara tura ƙyallayen can ƙasan aljihu.

Bayan kwana biyu ta sami Baba a bencinsa, ya zuba kunun yumɓu a mazubin da aka yi da garinta, yana kallon yadda gefen ke bushewa.

"Garin naki ya yi, 'yata. Yana shan ruwa kamar saniya a rani. Da gaskiyarki, mu ne muka yi barci."

"Baba, me ya sa ba ka faɗa musu ni ce ba?"

"In faɗa su rufe injin? Sai tulin ya ƙara wasu shekaru goma sha tara."

"Waɗancan bakwai ɗin, za ka iya sake sassaƙa su?"

Ya ɗaga hannunsa na dama. Yatsun na rawa kamar ganye. Ya mayar da shi kan cinya.

Ta hau bene, ta shiga ofishin Manaja ba ta ko ƙwanƙwasa ba. Manaja na waya, ta jera ƙyallayen a teburinsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Mene ne wannan kuma?"

"Alamar Baba ce, ranka ya daɗe. Ya gaya mini, na katse shi. Ni na kunce su."

Manaja ya ajiye wayar a hankali. "Kin san abin da kike jawo wa kanki?"

"Na sani. Amma ka fara kiran Baba."