Zaren Cikin Barira

Jiya da dare, bayan na gaji da juye-juye a kan tabarma, na yi wani mafarki. Amma bari in fara gaya muku abin da na kwanta da shi a rai, in ba haka ba za ku ce Tanimu tela ya fara taɓuwa.

Kwanakin baya aka yi wa matata Barira tiyata, aka cire mata wani ƙari a ciki. Aiki ya yi kyau, alhamdulillahi. Ranar da za a sallame mu na tambayi likitar yaushe za mu dawo a cire zare, sai ta ce ba sai mun dawo ba, wai zaren da ta yi ɗinkin da shi narkewa yake yi da kansa a cikin jiki. Tana faɗa tana murmushi, ita a dole albishir take yi mini. Ni kuwa tun ina ɗan saurayi nake kan keke, kuma a wurinmu zaren da ya narke ba yabonsa ake yi ba, mai shagon da ya sayar da shi ake tsine wa. Tun daga ranar ban sake barcin kirki ba. Tsoro nake ji, ba wani ɓoye-ɓoye: kada zaren nan ya narke, cikin matata ya buɗe. Na bar mata gado na koma tabarma a bakin ƙofa, in ta motsa in motsa. Ita kuma ta ce na ishe ta, wai dama wanzami ba ya son jarfa.

To, a mafarkin sai na gan ni a kan keken ɗinkina, ina taka shi yana tafiya da ni a kan titi. Titin a farke yake a gabana, a ɗinke a bayana, motoci suna biye da ni a hankali ba mai danna hon. Rana tana tsaka amma iska mai daɗi ke kaɗawa. Ban yi mamakin komai ba. Abin da kawai ya ɗan tsaya mini a rai shi ne wanda ya yanka titin bai bar wurin kalmasa ba.

Na isa wani gari inda ake fara sayen magani, sannan a shiga kasuwa neman cutar da ta dace da shi. Wata mata ta tare ni da kwalba a hannu, ta tambaye ni ko ina da tarin da ba na amfani da shi. Na lalube aljihu na ce yau ban fito da shi ba. Ta ce ba komai, ta yi mini addu'a ta wuce.

Sai ga ni a layi a cikin wani babban gida. Sunansa Gidan Shaidar Ƙirƙira. Duk wanda ya ƙirƙiro abin da ba a taɓa yi ba nan yake kawo shi, a tabbatar nasa ne, a hana kowa yin irinsa sai da izininsa. Kowa a layin yana rungume da abinsa. Wani ya kawo famfon da ke jawo rijiya sama ya bar ruwan a ƙasa. Wani ya kawo gadon asibiti wanda ba ya juya marar lafiya, ɗakin yake juyawa gaba ɗaya, don kada a takura wa mai jinya. Na sa hannu a aljihu sai na ji kwarkwaron zare, nan take na tuna ai ni ma ƙirƙira na kawo. Zare ne da na murza da wayar birkin keke da gashin wutsiyar jaki. Ba ya tsinkewa, ba ya ruɓewa, balle a zo maganar narkewa. Raina ya yi fari ƙal.

Wanda ke gabana wani mai walda ne, ya ce sunansa Ɗan'asabe. Gwiwar ƙarfe ya ƙera, mai boris da sifirin, don tsofaffin da gwiwarsu ta ƙare. Ya ce aibinta ɗaya ne, ta fi mai ita son tafiya, in ya yi nawa sai ta tafi masallaci ta bar shi yana neman takalmi. Tana tsaye a gefensa tana lanƙwashewa tana miƙewa, ka san ta ƙosa.

Shugaban gidan raƙumi ne. Yana durƙushe bayan tebur da tabarau a hanci, yana tuƙa. A wurinsu ba a tambayar mutum ko shi ya yi abu, tunda mutum ba ya rasa abin faɗa. Abin da aka ƙera ake tambaya. Raƙumin ya sunkuyo da dogon wuyansa ya ce wa gwiwar, "Wa ya haife ki?"

Gwiwar ta juya ta sakar wa Ɗan'asabe shuri a ƙwauri. Raƙumin ya gyaɗa kai ya ce shaida ta inganta, bare ba ya samun irin wannan. Ya buga masa hatimi a tafin hannu. Mutumin ya fita yana ɗingishi yana dariya, gwiwar tana gaba yana binta.

Da aka zo kaina na ajiye zarena a tebur. Aka tambaye shi wa ya haife shi, ya yi shiru. Aka sake tambaya, ya yi kunnen uwar shegu. Raƙumin ya dube shi, ya dube ni, ya ce wannan taurin kai ba sai an kira shaidu ba. Sannan ya jefa zaren a baki ya tauna, haƙorinsa ɗaya ya fita. Ya ɗauki haƙorin ya sa a aljihun tebur cikin 'yan'uwansa, ya ce ya daɗe bai ga aiki mai kyau irin wannan ba. Wallahi na ji daɗi. Tun da nake ɗinki ba wanda ya taɓa yaba mini har ya rasa haƙori.

Na tambaya yaushe za a gwada shi a jikin mutum. Ya ce ai an gwada tun tuni, su a nan kafin a ƙirƙiro abu suke gwada shi, don kada mai shi ya sha wahalar banza. Ya sa aka kira Baba Jatau.

Wani tsoho ya shigo, furfura fara fat, ya gaishe ni da sunana. Ya ce yana ƙarami ya faɗo daga bishiyar kanya goshinsa ya tsage, kuma da zarena aka ɗinke shi. Ya tura hula baya. Kai, ɗinki ke nan. Layi ɗaya santal, ba tsallake ba tattarewa, ko a kasuwar wane gari na gan shi na san hannuna ne. Sai da na matso sosai na ga ciwon yana nan a ƙarƙashin zaren, ja wur, sabo kamar yau aka ji shi.

Ciwon ya ce, "Sannu da aiki, tela."

Na amsa, don ba a ƙin amsa gaisuwa. Na tambaye shi me ya hana shi warkewa shekara da shekaru. Ya ce shi bai ga dalili ba, tunda akwai mai riƙe masa. Tsohon ya ce sun saba da juna, ba sa faɗa. Sai dai ba ya ɗaure fuska, ba ya ɗaga gira, in wani abin mamaki ya faru a unguwa sai ya roƙi maƙwabci ya yi masa mamakin. Amma ɗinkin ya yi kyau, ba zan yi muku ƙarya ba.

Raƙumin ya ce saura ƙa'ida ɗaya: ba a buga hatimi sai mai ƙirƙira ya fara amfani da abinsa a jikin wanda ya fi so. Na ce ai ban ga an sa mai walda ya yi haka ba. Ya ce shi mai walda kansa ya fi so, kuma kowa ya ga ya sha shuri.

Ɗakin ya juya, sai ga Barira a kan gadon asibitin nan, zaune da faranti a cinya tana tsince shinkafa. Ba ta yi mamakin ganina ba, ta ce dama ta san ko ƙarƙashin ƙasa aka kai ta sai na biyo ta da tabarmata. Aka miƙo mini allura an riga an zura zarena. Amma raƙumin ya ce tukuna, akwai ɗinkin wani a wurin, kuma zaren mai rajista ne, ba a farke shi sai da izinin mai shi.

Mai shi tunkiya ce. Sai ga mu a fadama, har da gadon da teburin da raƙumin, ita kuma tana kiwo da mayafi a kafaɗa. Raƙumin ya ce ita ta fara ƙirƙiro zare mai narkewa, daga hanjinta ta ciro shi, tun daga nan ba ta sake cin abu mai tsami ba. Na gaishe ta ciki-ciki, don na daɗe ina jin haushinta ban san ita ba ce. Na ce mata da girmanta da komai, ta rasa abin da za ta ƙirƙiro sai zaren da zai gudu ya bar aiki. Ta ci gaba da cin ciyawarta, sai da ta haɗiye sannan ta ɗago.

Ta ce, "Wanda ya haɗa aurenku da Barira, a ɗakinku yake kwana?"

Na ce a'a, Allah ya jiƙansa ma, ya daɗe da rasuwa. Ta ce to. Sannan ta ce in na sami zaren nata in farke, ta yafe mini.

Raƙumin ya cire tabarau don kunya, tunkiya ta juya baya, ni kuma na duƙa na duba. Rabin zaren ba ya nan. Sauran suna ta naɗe tabarmi suna sallama da juna kamar 'yan biki ranar watsewa. Gefen fata na dama da na hagu kuwa sun haɗa kai suna hira ƙasa-ƙasa, ko kallo ban ishe su ba. Kafin in gyara riƙon allura duk sun tafi, saura ɗan guntu ɗaya a ƙarshen layi, inda mu teloli muke yin ƙulli.

Ga zarena da ba zai taɓa sakinta ba, ga kuma goshin Baba Jatau ya ƙi fita daga idona. Ina son matar nan, shi ne kawai abin da ya kawo ni garin. Na tsaya da allura a sama, ban soka ba, ban ajiye ba.

Barira ta ce, "Malam, in za ka ɗinka ka ɗinka, in ba za ka ɗinka ba ka matsa, ka tare mini haske."

Sai guntun zaren ya ɗago kai ya ce, "Tela, in tafi?"

Na ce, "In ka tafi wa zai riƙe ta?"

Ya ce, "Ai na kwana biyu ba ni ke riƙe da ita ba. Ganin idonka ne ya sa na zauna."

Na daɗe a duƙe, har raƙumin ya fara gyangyaɗi. Can dai na soke allurar a hulata, na ce masa to, Allah ya kiyaye hanya, ya gaida gida. Ya ce gida zai ji. Ya narke ina kallo, kamar gishiri a miya.

Raƙumin ya farka ya mayar da tabarau. Ya ce tunda na ƙi ɗinkawa, za a ba ni shaida mafi ƙarfi da suke da ita a gidan: ba wanda zai taɓa amfani da zarena har abada, har da ni. Ya buga mini hatimi a tafin hannu ya taya ni murna. Na yi godiya, amma hankalina yana kan cikin Barira, inda babu ko silin zare. Ina kallo ina jira. Sai na ga ta ajiye faranti, ta ɗaga kai sama, ta lumshe ido, ta buɗe baki.

Atishawa ce ta tashe ni. Barira ba ta iya ƙaramar atishawa ba, in ta yi har kajin maƙwabta sai sun sani. Ashe na makara, ko kiran asuba ban ji ba, gari ya yi haske tas. Gado ba kowa. Ta tsallake ni ta fita tsakar gida ta buɗe gwangwanin yaji. Kafin in yunƙura ta sake sako wata, ta fi ta farko. Na ƙame a kan tabarma dafe da nawa cikin, ina sauraron abin da zai biyo baya, ko ihu ko faɗuwa.

"Alhamdulillahi," in ji ta. Sai na ji ƙarar cokali a kwano.

Na rarrafa na leƙa. Tana zaune a kujera 'yar tsugunno ta ba ni baya, tana barbaɗa yaji a ɗumamen tuwo. Na buɗe baki da niyyar in ce wa ya ce ki tashi, maza koma ki kwanta. Abin da ya fito shi ne, "Yarhamukillah."

Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Sai yanzu?"