Abin da Ya Rage a Kwamfutar Jalaluddeen

Sirajo ya kwance noti na ƙarshe, ya ɗaga bayan kwamfutar, ya hura ciki sau biyu. Murja tana zaune a kan benci a shagonsa da ke Ƙofar Taramniya, tana kallon hannuwansa. Kwana shida ke nan da fitarta takaba.

Kwamfutar ta mijinta ce, Jalaluddeen, wanda ya rasu a hatsarin mota a hanyar Gusau. Siririya ce, ba ta kai kaurin littafin rubutu ba, don haka ma ya saye ta, ya riƙa jefa ta a jaka zuwa jami'a. A cikinta akwai kundin digirinsa na uku, aikin shekara biyar, wanda malaminsa ya ce a kai masa. Akwai kuma bidiyon ranar sunan 'yarsu Nabila. Wayarsa ta ƙone tare da motar, saboda haka muryarsa ba ta rage a ko'ina ba sai nan.

"Mi ya same ta, Malam?" Murja ta tambaya.

"Zahi na, Hajiya. Irin wagga ba ta da wurin shan iska, ga ranar Sakkwato. Bisa katifa kunka aje ta?"

"Can na kunna ta. Ta yi ta huci, sannan ta mutu."

"To, cikinta ya gasu."

"A ciro ma'ajiyar mana, a sa ma wata."

Sirajo ya nuna mata wani ɗan baƙin abu da bakin sukudireba. "Ga ta nan. Liƙe ta anka yi da allon cikin kwamfutar tun daga kamfani. Ba a cirewa, ba a ƙarawa."

Murja ta gyaɗa kai kamar farashin tumatir ya faɗa mata.

Ya ce dabara ɗaya ta rage: zai hura wa allon iska mai zafi ko dalmar ta sake kamawa. In an dace, za ta tashi na minti goma ko ƙasa. Bayan nan, sai dai haƙuri.

"Yi," in ji ta.

Shagon ya cika da ƙaurin roba. Ya jira ta huce, ya ɗora ta a kan gorar ruwan sanyi biyu, ya danna. Fuskar kwamfutar ta kawo haske. Murja ta rubuta sunan Nabila a wurin kalmar sirri, ta buɗe. Kundin bai ɗauki minti ɗaya ba ya koma cikin filas, ɗan abin ajiyar bayanai da ta zo da shi. Da ta jawo bidiyon, sai aka nuna saura minti ashirin da biyu.

"Ba ta kaiwa, Hajiya. Ko ki kwafa mu yi addu'a, ko ki kalla."

Ta soke kwafar, ta kunna.

Ga Jalaluddeen a tsakar gidansu cikin farar shadda, riƙe da jaririya, yana ce wa mai ɗauka ya matso. Yana dariya. Murja ta jira wani abu ya motsa a ƙirjinta, bai motsa ba. Abin da ta lura da shi kawai, hularsa ta karkace, kuma ba wanda ya gaya masa. Ya buɗe baki zai ƙara magana, fuskar kwamfutar ta yi baƙi.

Sirajo ya danna sau uku, ya girgiza kai. "Allah shi jiƙanai."

"Amin. Na gode."

Ta saka kwamfutar da filas a jaka, ta tare Keke Napep. Sai da suka shiga Gawon Nama, tana laluben canji, hannunta ya taɓa wayarta. Tun ɗazu tana nan cikin jakar, cike da caji. Da ta tuna da ita a shagon, da ta ɗaga ta kawai ta ɗauki bidiyon yana tafiya.

Ta dubi wayar jim kaɗan, ta mayar.

"Tsaya nan gaban mai shago," ta ce wa mai keken. "Nabila ta ce in sayo mata biskit."